Iman ta haɗa kalmomi biyu, ni kuma ba na so ta daina cewa "tatami"

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau ba matsala na kawo ba, farin ciki ne ya cika ni har na kasa barci. Iman ta cika shekara 1 da wata 8 ranar Talata. Jiya da daddare muna tsaye bakin taga tana ɗaga wa farin wata hannu kamar yadda ta saba, sai gajimare ya zo ya rufe shi. Ta juyo ta kalle ni, ta buɗe tafukan hannunta biyu, ta ce: "Wata tafi." Kalmomi biyu a jere, ba wanda ya koya mata! Na durƙusa na rungume ta, ita kuwa sai zamewa take tana leƙen taga, tana jiran ya dawo.

A wurinta duk abin da yake da'ira mai haske sunansa wata. Ƙwan fitilar ɗaki wata ne, agogon bango ma wata ne. Kullum da safe sai ta jawo takalman babanta zuwa bakin ƙofa, ta zura ƙafafunta ciki, ta ja taku uku ta faɗi zaune, ta tashi ta sake. Idan wani abu ya faɗi daga hannuna, kafin in sunkuya ta ɗauko ta ce "ungo", sai ta tsaya tana kallon bakina. In na yi jinkirin godiya, ita ke faɗa wa kanta "gode", ta gyaɗa kai ta wuce. 'Yar tsanarta kuma sai ta lulluɓe ta da tawul har kai, ta ɗora yatsa a baki ta hana kowa motsi.

Ga tambayata. Takalmi take kira "tatami", kuma yanzu duk gidan "tatami" muke cewa. Gaskiya ba na so ta gyara. Ko ina cutar da ita?

Ummu Yasir:
Masha Allah! Allah ya raya mana Iman. Wannan "gode" ɗin ya shiga raina.

Baban 'Yan Biyu:
Allah ya albarkaci rayuwarta. Maman Iman, ki rubuta ranar a littafi yau ɗin nan. Nawa sun shekara 3 yanzu, kuma rabin kalmominsu na farko sun ɓace min, duk da a lokacin na ɗauka ba zan taɓa mantawa ba.

Malam Sabi'u:
Ina taya ki murna, Maman Iman, amma tunda kin tambaya zan faɗi gaskiya. Shekarata 14 ina koyar da ƙananan yara, kuma na sha karɓar ɗan shekara 5 da har yanzu bakinsa bai fita ba saboda a gida gwarancinsa ake mayar masa. Yaro daga bakin manya yake ɗaukar harshe. Idan duk gida suna cewa "tatami", a ina za ta ji "takalmi"? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ta faɗa ba daidai ba, a tsayar da ita a ce ta maimaita.

Gwaggo Asabe:
Haba Malam, yarinyar da ko shekara biyu ba ta kai ba za a tsayar kamar 'yar aji? Na raini bakwai, jikokina goma sha ɗaya, kowanne ya yi gwarancinsa ya bari. Babban ɗana "yuwa" yake ce wa ruwa har ya kusa shekara huɗu, yau shi ke tsayawa gaban jama'a yana jawabi. 'Yata, ki sha daɗin abinki. Wata rana za ki wayi gari kalmar ta tafi, ba sallama.

Maman Iman:
Gwaggo, abin da nake tsoro ke nan, tafiyar ba sallama. Malam, na ji maganarka, kuma ba na musu. Sai dai na gwada sau ɗaya, na ce "ce ta-kal-mi", ta kalle ni ta rufe baki, ta ƙi cewa komai har na ɗan lokaci. Raina bai so ba.

Anti Rabi:
Bari in shiga tsakanin Malam da Gwaggo, don kowannensu ya riƙe gefe ɗaya na gaskiyar. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara.

"Tatami" ba kuskure ne na rashin ji ba. Ki lura da abin da ta yi: "ta" daga gaban baki yake fita, "ka" kuma daga can baya, wajen ganda. Tsallake daga gaba zuwa baya a cikin kalma ɗaya aiki ne ga ɗan ƙaramin harshe, sai ta maimaita sautin da ya fi mata sauƙi, ta kuma yar da "l" ɗin da ya maƙale a tsakiya. Yaran kowane harshe suna yin irin wannan. Kunnenta kuwa ya riga bakinta, ta san yadda kalmar take a bakin manya.

Don haka Malam ya yi daidai da ya ce tana bukatar ta riƙa jin kalmar yadda take. Inda na saɓa da shi shi ne tsayar da ita ta maimaita. Kin ga abin da ya faru da kika gwada. Abin da ya fi shi ne in ta ce "tatami", ki amsa da fara'a ki ce "E, takalmin Baba ne, babban takalmi." Kin gaskata ta, kin ba ta kalmar, kin ƙara mata wata a kai, ba ta ji an ƙwace mata magana ba.

Shi kuwa "wata tafi" ya fi ƙarfin a ce kyakkyawar magana kawai. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi shekaru yana rubuta abin da 'ya'yansa uku suke yi tun suna jarirai, kuma daga nan ya bayyana cewa jariri ƙarami ba ya neman abin da aka ɓoye masa, sai wajen wata 8 yake fara ɗaga mayafi ya duba. Iman ta wuce nan da nisa. Ta san watan yana nan a bayan gajimare, ta ba tafiyarsa suna, kuma ta juyo don ta ba ki labari. Juyowar nan ta fi burge ni a kan kalmomin.

Malam Sabi'u:
Anti Rabi, na karɓi wannan. Ni dai damuwata kada manya su koma gwaranci gaba ɗaya. In za a riƙa mayar mata da kalmar daidai cikin hira, ba ni da ja.

Baban 'Yan Biyu:
Maganar ɗauko abin da ya faɗi ta tuna min wani bincike da na karanta lokacin da nawa suke wannan shekarun. A 2006 wasu masana biyu a Jamus, Felix Warneken da Michael Tomasello, sun gwada yara 'yan wata 18. Mutum yana shanya, sai maƙalin shanyar ya suɓuce masa, ya miƙa hannu ya kasa kaiwa. Yaran sai su taso su ɗauko su ba shi, ba a roƙe su ba, ba a yi musu alkawarin komai ba. Amma in da gangan ya jefar, ba kasafai suke kulawa ba. Wato suna karanta niyyar mutum tun ba su iya magana ba.

Da na karanta sai na daina korar nawa idan ina gyaran wani abu a gida. Hassan ya riƙe min fitila yana haska bango maimakon inda nake aiki, Hussaini ya miƙo min duk abin da hannunsa ya kai. Aikin minti goma ya zama na awa guda, amma yadda suke tafiya bayan an gama, ƙirji a gaba, ba zan musanya shi da komai ba.

Kuma ki gwada na madubi. Ki shafa mata ɗan jan-baki a hanci ba tare da ta lura ba, ki kai ta gaban madubi. In ta taɓa madubin, tana ganin wata yarinya ce. In ta kai hannu hancinta, ta gane kanta. Wata masaniya mai suna Beulah Amsterdam ta yi wannan gwajin a 1972, kuma yawanci tsakanin wata 18 zuwa 24 yara ke fara ganewa. Hussaini ya riga Hassan da kusan wata biyu, alhali ciki ɗaya, rana ɗaya, gado ɗaya.

Maman Iman:
Na gwada yanzun nan! Ta tsaya cak, ta kalli madubi, ta kai yatsa hancinta a hankali, ta duba yatsan, sannan ta juyo ta shafa min a kumatu. Wallahi hawaye nake.

Ummu Yasir:
Ni abin da ke ba ni mamaki da Yasir shi ne faɗuwa. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, ko a jikinsa. Ni ce ke riƙe numfashi.

Anti Rabi:
Ummu Yasir, an ƙirga wannan ma. Karen Adolph ta Jami'ar New York da abokan aikinta sun bi yara 'yan wata 12 zuwa 19 suna wasa, suka buga sakamakon a 2012: a matsakaici taku 2,368 a awa ɗaya, faɗuwa 17. Da faɗuwar suke koyo. Ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki tsare matakala da kaifin tebur, sauran ki bar shi. Kuma in ya faɗi fuskarki yake fara dubawa kafin ya yanke shawarar yin kuka.

Maman Khalil:
Tun safe nake karantawa ina rubutawa ina gogewa. Maman Iman, ki yafe ni, ba so nake in ɓata miki farin ciki ba. Khalil ɗina watansa 19, wata ɗaya kawai Iman ta ba shi. Yana gudu, yana hawa kujera, amma ban da "mama" ba ya cewa komai, ita ma ba kullum ba. Wani lokacin in kira shi ta baya sau uku bai juyo ba. Duk sanda na ga irin wannan labarin ina murna da gaske, daga baya kuma in shiga ɗaki in zauna shiru.

Gwaggo Asabe:
Kwantar da hankalinki, 'yata. Maza sun fi nauyin baki, kuma yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba. Wanda ya riga tafiya yakan yi jinkirin magana. Ki ba shi lokaci, ranar da bakin zai buɗe sai kin roƙe shi ya yi shiru.

Ummu Yasir:
Ki riƙa kunna masa bidiyon koyon kalmomi a waya, suna taimakawa.

Maman Iman:
Maman Khalil, ni ce zan nemi yafiya. Ina ta zuba ban yi tunanin wanda zai karanta da nauyin zuciya ba. In kin fi so in goge, zan goge.

Maman Khalil:
A'a don Allah kar ki goge. Ba laifinki ba ne, kuma da ba ki rubuta ba da ban samu bakin faɗa ba.

Anti Rabi:
Gwaggo, ki gafarce ni, a nan zan saɓa miki, duk da na san don ki sanyaya mata rai kika faɗa.

Gaskiya ne tazarar da ke tsakanin yara lafiyayyu tana da faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 a ƙasashe biyar, Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Wasu sun fara tafiya su kaɗai tun suna wata 8 da 'yan kwanaki, wasu sai wata 17 da rabi, kuma duk lafiyarsu ƙalau. Kusan 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam. Don haka gwada ɗanka da ɗan wani ba ma'auni ba ne.

Amma akwai ma'aunin da ba na gasa ba. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sabunta jerinta na matakan girman yara a 2022, ta sa abubuwan da aƙalla yara 75 cikin 100 suke yi a kowane mataki. A wata 18: yaro na ƙoƙarin faɗin kalmomi uku ko fiye ban da "mama" da "baba", yana nuna abu da yatsa don ki gani, yana bin umarni ɗaya ba sai an yi masa nuni da hannu ba. A wata 24: haɗa kalmomi biyu. A wata 30: kalmomi kamar 50. Wanda bai kai ba, ba a ce yana da cuta ba, an ce a duba.

Abin da ya tsaya min a maganarki, Maman Khalil, shi ne kira ta baya bai juyo ba. Ina da tambaya uku. Ya taɓa ciwon kunne? Yana nuna miki abu da yatsa yana kallon fuskarki? Akwai abin da ya iya a da, yanzu ya daina?

Ummu Yasir, bidiyo ba zai maye gurbin mutum ba a wannan shekarun. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Yaro yana koyon magana ne daga wanda zai amsa masa: ya yi sauti, a mayar masa, ya sake. Waya ba ta jiran amsarsa.

Maman Khalil:
Ciwon kunne ya yi sau biyu, na ƙarshen wata uku da suka wuce, an ba shi magani ya warke. Nuni kuwa yana yi sosai. In ya ga tsuntsu sai ya ja rigata ya nuna, ya kalle ni, ya sake nunawa, har sai na ce na gani. Babu abin da ya iya ya daina. Sannan harshe biyu muke yi a gida, an ce min shi ne ya rikita shi.

Anti Rabi:
Harshe biyu ba ya hana yaro magana, kar ki bar ko ɗaya saboda wannan. Jan rigar nan da kallon fuskarki alama ce mai kyau ƙwarai, yana son ya raba abin da ya gani da ke. Amma bayan ciwon kunne ruwa kan taru a bayan dodon kunne ya daɗe, ba zafi, ba zazzaɓi, sai dai yaro ya riƙa jin magana kamar daga cikin ruwa. Ba zan iya cewa shi ne ba daga nan. Ki kai shi a duba kunnen, ki nemi a yi masa gwajin ji, cikin makon nan ba sai ya cika shekara biyu ba. In lafiya lau ne kin huta da zullumi, in akwai wani abu an kama shi da wuri.

Gwaggo Asabe:
To, Rabi, ke ce a bakin aikin. Ni ban san ruwa na zama a kunne ba ciwo ba. 'Yata, bi maganarta. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya: kar damuwa ta hana ki ganin yaron da ke gabanki. Ba ki ba mu labarinsa ba, sai abin da ba ya yi. Me yake yi da ke sa ki dariya?

Maman Khalil:
Gwaggo, kin sa ni murmushi. Wasan ɓuya yake so. Sai ya shiga bayan labule ya tsaya, ƙafafunsa duk a waje, labulen na rawa saboda dariyar da yake dannewa. Ni kuma in zagaya ɗaki ina "ina Khalil, ina Khalil", in duba ƙarƙashin kujera, in duba bayan ƙofa. Ba ya iya jira in same shi, da kansa yake faɗowa waje. Kuma ba ya barci sai ya kamo hannuna ya ɗora a kumatunsa ya danne da nasa hannun. In na zare a hankali, ido a rufe zai lalubo ya mayar.

Malam Sabi'u:
Allah ya ba shi lafiya. Wannan yaron yana magana da ke, Maman Khalil, bakin ne kawai bai iso ba tukuna.

Maman Iman:
Ƙafafu a waje! Iman tafin hannu kawai take rufe ido da shi, a ganinta ta ɓace. Maman Khalil, don Allah ki dawo ki faɗa mana yadda kuka yi.

Baban 'Yan Biyu:
Ku rubuta duka, na labulen da na hannun. Su ba za su tuna ba, yawancin mutane ba sa tuna abin da ya faru kafin su kai shekara 3. Mu ne kaɗai ke riƙe musu wannan lokacin. Hoto yana kama fuska, amma bai kama min yadda Hassan yake kiran ɗan'uwansa "Nini" ba, sai da matata ta tuna min kwanan baya.

Maman Khalil:
'Yan uwa, na dawo, yau mako uku. An duba Khalil, akwai ruwa a bayan dodon kunnuwansa biyu, kuma jinsa ya ɗan ragu. Likita ta ce sau da yawa yakan janye da kansa, za a sake gwadawa nan da wata uku kafin a yanke abin da za a yi. Ta ce in riƙa zuwa gabansa in durƙusa daidai fuskarsa kafin in yi magana, in kashe duk abin da ke ƙara a ɗakin. Haka nake yi. Bai ƙara kalma ba tukuna, amma yanzu bakina yake kallo in ina magana, har yana motsa nasa. Anti Rabi, Allah ya saka da alheri. Gwaggo, kullum sai mun yi ɓuya.

Anti Rabi:
Alhamdulillah da kika je. Kar ki bari ranar komawa ta wuce ko da kin ga ya fara magana.

Maman Iman:
Alhamdulillah, Maman Khalil, tun ranar kina raina. Allah ya sa ruwan ya janye.

Ni ma ga nawa. Na sayi littafi kamar yadda Baban 'Yan Biyu ya ce, shafin farko "wata tafi", na biyu "tatami" da kwanan wata. Na bi shawarar Anti Rabi, ina amsa mata da "takalmi". Shekaranjiya ta jawo su bakin ƙofa ta ce "takami". Gwaggo, ya tafi, ba sallama, kamar yadda kika ce. Na yi murna, kuma na daɗe zaune a wurin.

Babanta bai sani ba, don ya yi tafiya. Da ya dawo yau da safe zai fita ya ce, "Iman, ina tatamina?" Ta ɗaga kai ta kalle shi, ta girgiza kai, ta ce: "A'a Baba. Takami."